Ruwa ba ya tsami banza: shin takin zamani ne ke kashe mana gulbi a Kebbi?

Wannan ita ce tambayar da ake ta ja-in-ja a kanta duk lokacin da rani ya tsaya ruwa ya ja baya, tun daga Augie da Argungu har Bunza da Yawuri. Masunta na cewa masu noman shinkafa sun ɓata ruwa, ciyawa ta cinye gulbi kifi ya gudu, manoma na cewa ai hassada ce kawai don an ga shinkafa ta yi kuɗi, wasu kuma a Facebook har sun fara yaɗa cewa wai duk mai wannan magana ɗan koren turawa ne, so ake a hana mu taki mu koma cin shinkafar waje. Kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya riƙe gam. Abin da nake so in warware shi ne mene ne ainihin abin da ke shiga ruwan, daga ina yake tahowa, kuma me ya sa jihar Kebbi ko ta so ba za ta iya gyara shi ita kaɗai ba.

Wace irin gurɓata ake nufi?

Da an ce gurɓatar ruwa hankalin mutanenmu na tafiya kan guba, kuma ba laifinsu ba ne, ba mu manta da dalmar da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba. To wannan daban ce. Abin da muke magana a kai abinci ne, abincin tsiro, sinadarai biyu: naitirojin da fosfaras. Su ne haruffa biyu na farko a jikin buhun kamfa, N da P. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. A gona su ne ke sa shinkafa ta yi duhu ta yi 'ya'ya. Idan suka sulale cikin gulbi aikin da suka iya shi za su ci gaba da yi, sai dai yanzu gansakuka da kainuwa da kachala suke ciyarwa.

Ga yadda abin ke tafiya. Ruwa ya samu abinci ya yi yawa, ga zafi ga rana, sai gansakuka ta yi toho ta rufe sama ruwan ya koma kore, hasken rana ya daina isa ƙasa. Da rana waɗannan tsirrai suna fitar da iskar oksijin, da dare kuma su ma shaƙa suke yi, sannan idan suka mutu suka nutse ƙwayoyin da ke ruɓar da su suna zuƙe sauran iskar da ta rage. Shi ya sa da asuba abin ya fi muni. Duk wanda ya taɓa zuwa bakin tafki a watan Afrilu kafin rana ta fito ya san abin da nake faɗi, za ka ga kifi sun taso sama sun jera baki suna haɗiyar iska, ko ka matso ba sa gudu sosai, ruwan yana wani irin ƙarni mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, idan ka tsoma gora ka ɗago sai ka ga koren yauƙi ya manne a jikinta. Ruwa mai zafi dama ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, don haka bazara ce lokacin haɗari.

Kuma ba duk kifi ke shan wahala ɗaya ba. Tarwaɗa da gaiwa suna iya shaƙar iska daga sama, za su jure. Giwan ruwa ba ya jure ruwan da ba iska. To idan masunci ya ce maka manyan kifi sun yi wuya sai tarwaɗa da ƙananan karfasa, kada ka yi saurin cewa ƙorafin tsofaffi ne.

Amma a yi adalci, taki ba shi kaɗai ke rage kifi ba. Akwai taru mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi, akwai marasa tsoron Allah da ke zuba maganin ƙwari a ruwa don su kwashi kifi a sauƙaƙe, akwai yashi da ya cike gulbi, akwai madatsun ruwa da suka canza yadda ambaliya ke zuwa fadama inda kifi ke haihuwa. Kachala ma abin da ta fi so shi ne ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa duk shekara, taki ƙarfi yake ƙara mata.

Ta ina yake shigowa?

Mu fara da gona tunda ita ake zargi. Tun da shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi ranar 17 ga Nuwamba 2015 noman rani ya buɗe a fadamunmu fiye da da, injin ban ruwa ko'ina, ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa ya nemi fili, kuma alhamdulillahi mutane sun samu rufin asiri, ba wanda zai musa wannan. Sai dai ka tsaya a kan kunya ka kalli yadda yawancinmu ke zuba yuriya. Fangali cike da ruwa, rana tsaka, yaro ya ɗauko roba ya riƙa watsawa da hannu kamar mai ba kaji tsaba, ƙwayoyin suna faɗawa cikin ruwa suna narkewa nan take, bayan kwana ɗaya ko biyu a fasa kunya ruwan ya wuce fangalin gaba, daga nan ya bi lambatu ya koma gulbi. Masana noman shinkafa sun daɗe da auna wannan, idan aka watsa yuriya a kan ruwa abin da shinkafar ke amfana da shi sau da yawa bai kai rabi ba. Wani kaso ya tashi sama ya bi iska, wani ya nutse ƙasa ya tarar da ruwan rijiya, wani ya bi ruwa. Wato a buhu biyu da ka ci bashi ka saya, fiye da ɗaya ba gonarka ya yi wa aiki ba. Wannan ne ya sa nake ganin manomi da masunci bai kamata su zama abokan gaba ba a wannan magana, abin da ke kashe kifin wancan kuɗin wannan ne ya zube.

Fosfaras shi kuma manne wa ƙasa yake yi, don haka da zaizaya yake tafiya. Duk inda aka nome har bakin gaɓa aka sare itatuwa da ciyawar da ke riƙe ƙasa, ruwan sama na farko zai kwashi jar ƙasa da takinta ya kai gulbi.

Sai gari, kuma a nan ne ake yin shiru. Bahayan mutum da fitsari cike suke da naitirojin da fosfaras ɗin nan. Kwatocin Gusau da Sakkwato da Birnin Kebbi da Jega ina suke ƙarewa? Motar da ke kwashe masai idan ta cika ina take juyewa? Jini da tumbin da ake wankewa a mahauta, ruwan omo daga gidaje da wurin wankin mota, ruwan turara shinkafa, ruwan da ake canzawa a kududdufan kiwon kifi, bolar da ake tarawa a bakin rafi duk rani ana jiran damina ta tafi da ita, duk hanyarsu ɗaya. Mutumin da ke zaune a gari yana zagin manoma a waya, shi ma da nasa kason a cikin ruwan nan. Dabbobi ma suna bayarwa a mashaya, amma garke ya sha ya wuce ne, bai kai kwatar birni da ke zuba dare da rana ba.

Me ya sa abin ke tarewa a Kebbi?

Ɗauko taswira ka bi gulaben da yatsa. Gulbin Sakkwato daga wajen Funtuwa ya taso a jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya shiga dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara wanda aka gama a 1978, ya bi filayen noman rani na can ya isa Sakkwato. Gulbin Maraɗi shi ma a jihar Katsina ya faro, ya wuce Jibiya, ya tsallaka cikin Jamhuriyar Nijar ya bi ta Maraɗi, sannan ya dawo Najeriya ya shiga Rima. Bunsuru da Gagare su ma Rima suke zubawa, Rima ta bi ta dam ɗin Goronyo ta haɗu da gulbin Sakkwato, su gangaro Argungu da Birnin Kebbi. Gulbin Zamfara ya biyo ta Anka da Gummi da Jega ya same su, gulbin Ka ya biyo baya, gaba ɗaya su faɗa kogin Kwara a cikin jiharmu. Ita kuma Kwara tafiyar sama da kilomita 4,000 ce daga tsaunukan Gini zuwa teku, ta wuce Bamako da Gao da Yamai da Gaya kafin ta shigo Najeriya, kuma ta Kebbi take shigowa, ta wuce Yawuri ta kwanta a tafkin Kainji.

Mu ne gidan da ke ƙarshen kwata a unguwa, duk wanda ya yi wanki a sama ƙofarmu ruwan ke biyowa. Kuma mu ma akwai na ƙasa da mu, abin da muka zuba mutanen jihar Neja da Kwara da Kogi ne za su karɓa.

Mun ma taɓa ganin misali da idonmu. Kainuwar nan mai fure ruwan shuni wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, daga sama ta biyo Kwara ta shigo tafkin Kainji wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, ta toshe hanyar jirage ta yayyaga taruna. Ba wanda ya tsaida ta a kan iyaka. Kuma inda ciyawa ta yi cunkoso ruwa ya tsaya nan sauro ke ƙyanƙyasa, nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke samun mafaka, yaran da ke wanka a wurin su ke kwasa.

To taki ya yi mana yawa ke nan?

A'a, kuma nan ne masu tsoron a hana taki suke da hujja. A taron shugabannin Afirka kan taki da aka yi a Abuja a 2006, lissafin da aka kawo shi ne manomin Afirka kudu da Sahara na sa kimanin kilo 8 a hekta, aka yi alƙawarin kai shi kilo 50. Gonar gero da dawa a tudu yunwar taki take yi har gobe. Duk wanda ya kwaso dokar Turai yadda take ya ce a rage taki a ko'ina bai san ƙasarmu ba. Matsalarmu ta wuri ce da lokaci da hanya: takin ya taru a siririn fili a bakin ruwa, ana zuba shi a lokacin da gulbi ya fi ƙanƙanta, ta hanyar da ta fi saurin zubar da shi, sannan ga ƙazantar birane da ba a tacewa.

Ruwan na wa ne, wa zai tsawata?

Nan ne kan ke ɗaurewa. A tsarin mulkin 1999, ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya hurumin gwamnatin tarayya ne. Ƙasar da ake nomawa a bakin ruwan, dokar filaye ta 1978 ta damƙa ta hannun gwamna. Shara da bahaya da mahauta kuma aikin ƙaramar hukuma ne. Ka ga ruwa na Abuja, gaɓa ta gwamna, kwata ta ciyaman. Akwai hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima da ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Katsina, amma an gina ta ne a shekarun 1970 don dam da ban ruwa, hankalinta ya fi karkata kan yawan ruwa fiye da abin da ke cikinsa. Akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don dokokin muhalli. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa da ya so haɗa abubuwa wuri ɗaya ya sha zuwa majalisa yana komawa saboda rigimar siyasa da zargin ƙwace filaye.

A tsakanin ƙasashe ma ba takarda aka rasa ba. Hukumar kogin Neja mai hedikwata a Yamai an kafa ta a 1980, ƙasashe tara ne a ciki: Najeriya, Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali, Gini, Kodebuwa, Kamaru da Chadi, kuma a 2008 sun amince da yarjejeniyar ruwa wadda ta ce kada wata ƙasa ta cutar da maƙwabciyarta kuma mai gurɓatawa shi ke biya. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan ruwayen da suka haɗa su, har da gulbin Maraɗi. Sai dai tun juyin mulkin Nijar a Yulin 2023 da rufe iyaka da aka yi, da ficewar Nijar da Mali da Burkina daga ECOWAS, zama teburi ɗaya ya yi wuya. Ni a ganina maganar ruwa na cikin 'yan abubuwan da bai kamata a bari fushin siyasa ya taɓa ba, mutumin Gaya da na Kamba da na Lolo dangi ne kuma ruwa ɗaya suke sha.

Waɗanda suka riga mu shiga wannan matsala

Kogin Danub a Turai ruwansa daga ƙasashe 19 yake taruwa ya zuba a tekun Bahar Aswad. A shekarun 1970 da 1980 taki da ƙazantar birane sun shaƙe wani babban yanki na tekun. A 1994 ƙasashen suka sa hannu kan yarjejeniya a Sofiya, a 1998 hukumarsu ta fara aiki, suka kafa tashoshin awo da kowa ke ganin sakamakonsu, suka zuba kuɗi wajen gina matatun ruwan ƙazanta, aka rage fosfaras a sabulun wanki. Tekun ya farfaɗo sosai, duk da cewa rushewar manyan gonakin gurguzu bayan 1990 ita ma ta taimaka don taki ya ragu da kansa.

Amurka kuma nata darasin na gargaɗi ne. Kogin Misisifi yana kwaso ruwa daga jihohi 31 ya zuba a tekun Meziko, duk bazara sai an samu yankin da ba iska a bakin tekun. Sun kafa kwamiti a 1997, suka sa burin rage yankin zuwa murabba'in kilomita 5,000 kafin 2015, amma aka bar yawancin abin a kan ganin dama, manomin da ke can sama ba ya ganin tekun balle ya ji zafin masunci. Ba su cimma ba, suka ɗaga zuwa 2035, a 2017 ma yankin ya haura murabba'in kilomita 22,000. Ƙasa mai kuɗi da masana ke nan, kwamiti kaɗai bai fisshe ta ba.

Kusa da mu akwai Haɗeja da Nguru inda kachala ta toshe hanyoyin ruwa bayan gina madatsun ruwa na Tiga da Challawa, gonaki suka nutse a wani gefe wani gefen ya bushe, har jihohi shida da ke kan wannan ruwa suka haɗu a 2006 suka kafa asusu ɗaya. Kachalar ba ta ƙare ba, amma aƙalla na sama da na ƙasa sun san juna.

Me zai taɓa talaka idan aka tashi gyara?

Ga manomin shinkafa, gyaran farko riba ce. A raba yuriya kashi biyu ko uku maimakon zubi ɗaya, a rage ruwan fangali kafin a zuba, a toshe kunya na wasu kwanaki kada ruwan ya fita. Akwai kuma dunƙulalliyar yuriya da ake cusawa cikin laka zurfin ɗan yatsa a tsakanin gindi huɗu kamar mako ɗaya bayan dashe, manoman Bangaladash sun daɗe suna amfani da ita kuma an gwada ta a Najeriya, tana rage yuriyar da ake buƙata da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wahalarta sai an yi dashe a layi kuma tana cin ƙwadago, ga shi ba kullum ake samunta a kasuwa ba. Idan gwamnati za ta raba taki da tallafi, ina laifin a haɗa da wannan da malamin gona da zai shiga laka ya nuna?

Inda rigima za ta tashi shi ne barin fili a bakin gaɓa. Masana na cewa a bar 'yan mitoci na ciyawa da itatuwa tsakanin gona da ruwa su tare ƙasa da taki, kuma gaskiya ne yana aiki. Amma wanda gadonsa bai fi fangali goma ba kuma mafi kyawunsu su ne na bakin ruwa, ka ce ya bar su don kifin wani a Yawuri? Ba zai yi ba sai an biya shi, kuma ban ga laifinsa ba. Dokar da ta zo da tara ba diyya za ta ƙare ne a kan ƙaramin manomi, mai hekta ɗari ya san wanda zai kira. Haka makiyayi, idan aka killace gaɓa ba a ware masa mashaya da burtali ba an kunna wata wutar da ta fi kachala.

Mutanen gari kuma su shirya, ware wurin juye masai nesa da gulbi da haƙa tafkunan tace ƙazanta da gyara mahauta kuɗi ne, wani kaso zai dawo kan mai gida da mahauci. Amma yanzun ma ana biya, a wajen maganin zazzaɓi da gudawa, da sinadarin da gidan ruwa ke ƙarawa kafin ruwa ya shawu. Ga masu rijiya a tsakiyar fadama kuma, hukumar lafiya ta duniya ta sa iyakar naitiret, wato naitirojin da ya narke a ruwa, a ruwan sha miligiram 50 a lita saboda jarirai, kuma tafasa ruwa ba ya cire shi.

Inda ya kamata a fara

Da awo. Muddin ba a auna ba zargi za a yi ta yi, Argungu ta ce Sakkwato ce, Sakkwato ta ce Bakolori ce. A sa wuraren ɗibar ruwa a inda Rima ke shigowa Kebbi ta Augie, da ƙasan Birnin Kebbi, da Jega a kan gulbin Zamfara, da inda Kwara ke shigowa ta Bagudo, da Yawuri, a riƙa aunawa kowane wata rani da damina a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa. Muna da jami'a a Aliero da ta tarayya a Birnin Kebbi, ga Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ga cibiyar binciken kifi a New Bussa, ɗalibai da ɗakunan gwaji ba su ne suka yi ƙaranci ba. Kuma Kebbi ce ya kamata ta kira taron jihohi huɗun nan, don na sama ba shi da dalilin gaggawa.

Kada kuma a yi zaman ba sarakunan ruwa. A Argungu an san yadda ake hana kamun kifi a gulbin Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi, mutane kuma suna bi saboda Sarkin Ruwa da masarauta sun faɗa, bikin da ake yi tun 1934 har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Irin wannan iko da jama'a ke girmamawa shi zai iya hana juye masai a gulbi da noma har cikin ruwa fiye da jami'in da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Sai dai ikon Sarkin Ruwan Argungu bai kai Wamakko ba balle Gusau ko Maraɗi, don haka a teburin da gwamnoni da hukumar kogunan za su zauna a ajiye kujerar sarakunan ruwa da shugabannin manoman shinkafa da arɗo-arɗo tun daga zaman farko.